Hortensiyar Dona Deolinda da Simintin Mijinta

A unguwar Fotugis ta Fall River, idan aka ce gidan shuɗin fure, ba mai tambayar lamba. Gidan Dona Deolinda Arruda ake nufi, bene mai hawa uku irin na kowa, ita da mijinta Serafim a ƙasa, 'yan haya a sama. Abin da ya raba shi da sauran benayen layin yana can baya, jikin shinge, ana hango shi daga titi ta lungun ajiye mota: shukar fure guda ɗaya mai suna hortensiya, tsayinta ya kai kafaɗar mutum, faɗinta ya fi tsayin. Cikin watan Yuli takan fitar da curin furanni, kowane curi kamar kan jariri, shuɗi irin wanda ko baban rini ba ya ba zane.

Daga tsibirin São Miguel Deolinda ta taho da ita tana amarya. Reshe ne da bai fi tafin hannu ba, ta soke shi cikin dankalin turawa don kada ya bushe a hanya, ta cusa dankalin cikin safar ango. A can gida hortensiya ba wata abar ado ba ce, da ita ake yi wa shanu shinge, ba mai waiwayarta. Yawancin waɗanda suka haye tekun nan darajarsu raguwa ta yi da suka sauka. Ita wannan tata ƙaruwa ta yi.

Deolinda ta shafe ƙuruciyarta a masana'antar labule, a bakin keken ɗinki. Da za a jera abin da ta ɗinka, da ya rufe tagogin garin kaf, amma ba wanda ya taɓa tsayar da ita a hanya ya yaba mata labule. Furen ne ake tsayar da ita a kansa. Duk shekara, idan Idin Ruhu Mai Tsarki ya zo, matan coci kan zo da kwanduna su yanki abin da za a kewaye kambin azurfa da shi a kan bagadi. Akwai masu hortensiya da yawa a unguwar, kuma dukkansu mutanen kirki ne. Tasu ce ake sawa a baya, inda ginshiƙi ya kare.

Aikin kuwa ba a Yuli yake ba, a Nuwamba yake. Da sanyi ya kama, sai shukar ta zubar da ganye ƙarƙaf, ta koma sanduna tsirara kamar tsintsiyar da aka kafa a kife. Wanda bai sani ba zai rantse ta mutu, kuma hannunsa zai riƙa ƙaiƙayin almakashi. Alhali furen baɗi yana nan kwance a kan sandunan, toho ne ƙanƙane kamar ƙwayar wake. Wanda ya yanke su ya yanke Yuli. Wanda ya bar su a fili kuma, sanyin Janairu zai yanke masa. Don haka Deolinda kan kafa turaku, ta kewaye su da buhun algarara, ta cika cikin da busasshen ganye har baki, ta ɗaure. Sai Afrilu ta kwance, shi ma kaɗan-kaɗan, don ta san Afrilun garin nan maƙaryaci ne.

Shuɗin kuma daga ƙasa yake fitowa. Ƙasa mai tsami ita ke ba da shi. Duk tukar kofin da aka sha a gidan a gindin shukar take ƙarewa, haka ma ƙusoshi masu tsatsa, waɗanda Serafim ke tsinto mata a wurin aiki. An sha gaya mata cewa ƙusa ba ta ƙara komai, kuma da alama gaskiya ne. Takan saurara da ladabi, ta yi godiya, ta je ta binne wata.

Serafim birkila ne, kuma mutum ne mai imani ɗaya game da duniya: duk abin da ke motsi ko yake jiƙa, siminti bai kai gare shi ba ne. Shekarar da ya yi ritaya, cikin Maris, ƙanƙara ta narke, filin bayan gidan ya zama taɓo. Deolinda ta fito da kwandon wanki, santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya karye. Shi ya tsince ta. Ta daɗe a asibiti, daga nan aka wuce da ita gidan koyon tafiya. Kullum yana zuwa da miyar kabeji a kwano, kullum hannuwansa na ƙara tsagewa, in ta tambaya ya ce sanyi ne.

Ranar da ta dawo, bai bari ta zauna ba. Ya riƙe ta har ƙofar baya.

"Buɗe ido, 'yar tsohuwa."

"Ai ban rufe ba."

"To duba. Yanzu ko da gangan kike son faɗuwa, sai dai ki nemi wani gidan."

Daga bakin ƙofa har ƙarshen fili siminti ne, sumul, an ɗan karkata shi don ruwa ya bi ta kwata. Kabejin da suke shukawa ya koma bokitai. Tsohon shingen katako da ke tsakaninsu da maƙwabciyar baya ya tafi, katangar bulo ta maye gurbinsa. Hortensiyar ce kaɗai ya bari, ya yi mata zobe na siminti kewaye da gindi, har da ɗan ado a baki. Katanga da zoben duk ya shafe su da farar ƙasa, fes, yadda ake yi wa gidaje a can tsibiri kafin idi.

Ta dubi zoben. Ta dubi hannuwan mutumin da ya haɗa wannan kwaɓi duka shi kaɗai, da shekarunsa.

"Ya yi kyau, maigida," in ji ta. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ya yi kyau.

Sai dai duk yarinyar da ta tashi a tsibirin ta san abu ɗaya: hortensiyar da ke jikin bango mai farar ƙasa ba ta yin shuɗi. Siminti da farar ƙasa suna kashe tsamin ƙasa, ruwan sama na wanko su yana kai wa saiwa. Serafim ma a tsibirin ya tashi, amma shi bango yake kallo.

Yulin farko furen ya fito shunayya. Deolinda ta ninka kofi. Serafim ya sha kofi a wannan shekara har cokali na kaɗawa a hannunsa, yana mamakin irin kulawar da yake samu tun da ya yi ritaya. Yuli na biyu furen ya fito ruwan hoda, curin ya ƙanƙance, ganyen ya yi rawaya sai jijiyoyinsa kawai suka rage kore. Da rana ta take, zafin simintin kan sa shukar ta yi laushi kamar wankakken tsumma.

Matan coci suka zo da kwandunansu, suka tsaya.

"Dona Deolinda, bana sauya ra'ayi kika yi?" in ji babbarsu.

"Ita ta sauya. Ba ta shawarce ni ba."

Serafim yana gefe da tiyo a hannu, yana wanke filin da ba datti a kansa. Ya ce, "Ni kam ta fi burge ni haka. Ta samu gida mai tsabta, ta yi kwalliya."

Suka yanki kaɗan don kunya. Wannan shekara furen Dona Deolinda aka sa a bayan ginshiƙi.

Ba ginshiƙin ne ya dame ta ba, ko kuma dai ba shi kaɗai ba. Shukar mutuwa take yi a hankali, kuma maganin kalma ɗaya ce. Ta san mijinta. Da ta ce masa simintin ne, ba zai yi musu ba, ba zai yi fushi ba. Zai ɗauko guduma ya farfashe filin duka, ya kwashe ɓaraguzan, ya dawo ya zauna a kujera yana kallon taɓon da ya karya matarsa. Abu ɗaya ya rage masa da yake tashi dominsa da safe, shi ne ya fito ya wanke simintin nan, ya taka shi da ƙafa, ya ji ko ya tsage. Ta auna wannan, ta auna wancan, ta ga ba wanda za ta iya bari.

Da Nuwamba ta kama, ganye ya zube, ta ɗauki sandarta ta fita. Gidan Madam Fortin bayansa ne ke haɗe da nasu, ƙofarsa na kallon wani titin dabam, sai an gangara an zagaya kwana an sake hawa tudu. Ga mai ƙarfe a ƙugu, tafiya ce.

Madam Fortin gwauruwa ce, mutanenta masu jin Faransanci ne, daga Quebec suka zo tun zamanin masaƙun auduga, don haka har gobe Fotugis baƙi ne a wurinta, baƙin da suka ƙi tafiya. Rigimarsu tsohuwa ce. Ita tana ƙorafin hayaƙin kifin sadin da Serafim ke gasawa yana shiga shanyarta. Shi yana ƙorafin ƙatuwar bishiyar oak ɗinta da ke zubo masa ganye. Deolinda ba ta taɓa sa baki ba, don da wannan ganyen take cika buhun algarara duk shekara, kuma ta san abin da ganyen da ya daɗe yana ruɓewa yake yi wa ƙasa.

Madam Fortin ta buɗe ƙofa rabi. "In kan ganyen ne, gaya wa mijinki bishiyar ta riga shi zuwa ƙasar nan."

"Ba ganye ya kawo ni ba, Madam. Ƙasa na zo roƙo."

"Ku da kuka binne taku da ranta?"

"Mu ɗin."

Madam Fortin ta ƙare mata kallo, ta dubi sandar, ta dubi tudun da ta hawo. Ta buɗe sauran rabin ƙofar.

Suka tsaya a filin bayan gidan. Deolinda ta tona da bakin sanda a gefen da rana ke bugawa da safe, inuwa ta rufe da yamma, can nesa da katanga. Ƙasar baƙa ce, tana warin daji. Ta faɗi abin da take so.

"Na ga abin da ya same ta," in ji Madam Fortin. "Daga tagar sama nake kallo. Ta koma kalar rigar barcin tsohuwa. Me ya hana ki gaya wa sarkin siminti?"

"Shi ya tsince ni a taɓon."

Madam Fortin ta gyara suwaitarta. "To ji nan, Madam Arruda. Abin da ya tsiro a ƙasata nawa ne. Kada gobe mu ɓata ki zo mini da ɗan sanda da shebur."

"Naki ne. Ni mai ban ruwa ce."

"Kuma ban da kifi ranar Litinin. Ranar wankina ce."

"Zan gaya masa likita ya hana."

"Likita ya hana kifi ranar Litinin kaɗai?"

"Ba ya tambayar likita dalili."

A gida ta ce wa Serafim baiwar Allahn nan tana zaune ita kaɗai, ba ɗa ba jika kusa, ba abin da take gani ta taga sai bishiya. Ta ce tana so ta ba ta hortensiyar sadaka. Serafim ya ajiye cokali.

"Wadda kika ɗauko a safata?"

"Ita."

"Ki ba Bafaranshiyar nan?"

"Sadaka ai ba a zaɓar mata mai daɗin baki."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce gobe zai duba shebur.

Haƙar ba ta yi daɗin kallo ba. Saiwoyin sun yi nisa a ƙarƙashin simintin, abin da ya yiwu a ciro ta cikin zoben bai kai rabi ba. Deolinda ta san saiwa kaɗan ba za ta ɗauki reshe da yawa ba. Ta ɗauko almakashin da ta hana kowa kusantar shukar da shi tun zuwanta ƙasar, ta datse sandunan da hannunta, da tohonsu da komai. Suka ɗora kututturen a baro. Serafim na turawa, ita tana bin sa da sanda, suka gangara, suka zagaya kwana, suka hau tudu. Mutane suka fito baranda. Wani tsoho, da bai gane abin da ake ciki ba, ya cire hula.

Kafin mako ya ƙare Serafim ya cike ramin da siminti, don kada wani ya faɗa.

Shekarar da ta biyo baya ba fure ko ɗaya. 'Yan ganye ne suka fito a makare, kuma har watan Yuni ba wanda zai iya cewa shukar za ta rayu. Kullum da safe Deolinda na zagayawa, sanda a hannu ɗaya, gwangwanin tukar kofi a ɗayan. Takan tsaya a kwana ta huta, ta yi kamar tana karanta allon talla. Madam Fortin kan fito da kujera ta zauna tana ba da umarni.

"Ruwan ya yi yawa, za ki nutsar mini da ita."

"To, Madam."

"Kin ce to, kuma kina ci gaba da zubawa."

"Ai na ce to."

Matan coci suka nemi fure a wani gida. Deolinda ta je idi, ta yi addu'arta, ta sha miyar idi, ta yaba wa mai furen bana. Da Nuwamba ta dawo, su biyun suka naɗe shukar da algarara, Madam Fortin na riƙe da buhu tana bayanin yadda ake yi a Quebec, inda ita kanta ba ta taɓa zama ba.

Yulin da ya zagayo, curi suka fito. Da farko kore-kore ne, kamar yadda suke farawa kullum, ba sa nuna inda suka dosa. Deolinda kan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta duba gefen. Wata safiya gefen ya nuna. Ta saki curin a hankali, ta ɗauki bokiti ta ci gaba da ban ruwa, don shuɗi ba ya hana ƙishirwa.

Labari ya bazu. Masu wucewa ta wancan titin suka riƙa tsayawa suna yaba wa Madam Fortin hannunta, ita kuma tana karɓa ba tare da wata wahala ba, har tana ba da shawara. Matan coci suka ɗauki kwanduna suka ƙwanƙwasa ƙofar da ba su taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ta bar su tsaye har ta gama shan shayi, sannan ta ce su yanka, amma sai inda mai ban ruwanta ta nuna. Ranar idi Fada, limamin cocin, ya tsaya gaban jama'a ya gode wa maƙwabciyarmu Madam Fortin saboda furen da ke kewaye da kambi. Madam Fortin, wadda ta zo cocin Fotugis karo na farko a rayuwarta da hula mai gashin tsuntsu, ta sunkuyar da kai cikin tawali'u. Deolinda na bayanta da layi biyu. Ba ta gyara wa kowa zance ba. Kambin take kallo, kuma launin daidai yake.

Bayan idi da 'yan kwanaki aka yi zafi mai tsanani, irin wanda sai an ba shukar ruwa safe da yamma. Zagaye biyu a rana ya fi ƙarfin ƙugun. Ta dawo da hantsi tana jan ƙafa, ta zauna a matakalar gaba ta daɗe kafin ta iya shiga. Tana shiga ta ji ƙarar guduma daga baya.

Serafim ne, da kurfi da guduma, a jikin katangarsa. Ya riga ya cire bulo na sama, ya ja layi biyu a tsaye da alli.

"Maigida, lafiya?"

"Katanga mai tsawo haka, in ba a raba ta ba, sanyi zai tsaga ta. Kowane ɗan koyo ya san wannan. Kuskurena ne tun farko."

Ta dubi katangar. Ko tsagar gashi babu a jikinta.

"Ka dai kula da ƙurar," in ji ta. "Kada iska ta kai ta..." Sai ta leƙa ta gurbin. A wancan gefen an shimfiɗa tampol tun daga gindin katanga, an jiƙa shi sharkaf. Hortensiyar kuma an yafa mata tsohon zanen gado, an danne gefensa da duwatsu.

"Kada ta kai ta ina?" in ji Serafim, bai juyo ba.

"Shanyar Madam."

"Na kula."

Madam Fortin ta leƙo ta tagar sama. "Malam Arruda, wa ya ba ka izinin buɗe mini hanyar ɓarayi?"

"Madam, abin da ɓarawo zai so a gidanki ai daga gidana ya zo."

"Ka sa mata sakata ta ɓangarena."

"Ta ɓangare biyu zan sa, kowa ya huta da kowa."

Ya ɗora kurfi a kan bulo na gaba, ya tsaya. "Da katako zan yi dokin ƙofar," in ji shi, kamar mai sanar da rasuwa. "Kuma wancan gefen ba zan ƙara shafa masa farar ƙasa ba. Kafaɗata ta gaji."

"Ka kyauta wa kafaɗar."

"Zo ki tsaya nan da sandarki. Ɗauki bokitin ma."

Ta ɗauki bokitin, ta tsaya tsakanin layukan allin. Ya ja baya ya dube ta, ya goge layi ɗaya da babban yatsa, ya matsar da shi gaba kaɗan.